Yadda ƙwayar T ke taimakon ƙwayar B: allurar sanƙarau ce ta warware mini

Jama'a, alhamdu lillahi, na haye. Babin nan na taimakon da ƙwayoyin T ke ba ƙwayoyin B (dukansu fararen ƙwayoyin jini ne masu kare jiki, B ce ke yin antibodi, wato furotin da ke kama ƙwayar cuta), wanda ya tsaya mini a wuya tun da kwas ɗinmu na ilimin garkuwar jiki ya shiga ɓangaren garkuwar da jiki ke koya, yau ya zauna daram. Murnar ta fi ƙarfin in riƙe ta ni kaɗai, shi ya sa na zo in zuba muku da zafinta, musamman ku da kuke baya kuna tunkarar wannan darasi.

Na san kun wuce MHC I da MHC II, furotin ɗin nan da ƙwaya ke ɗora guntun abu a kansu ta nuna wa ƙwayoyin T, kun san wanda ke nuna wa T mai alamar CD8 da wanda ke nuna wa mai alamar CD4, don haka ba zan ɓata muku lokaci a can ba. Tambaya guda ce a gwajin ƙarshen mako ta riƙe ni. An ɗauko sukarin nan mai doguwar sarƙa da ke lulluɓe da bakteriya, an ɗauko wani furotin, aka zuba su a sirinji ɗaya ba a ɗaure su da juna ba, aka yi wa ɓera allura. Ɓera na biyu shi ma sukarin da furotin ɗin aka ba shi, amma an ɗaure su gam ta hanyar sinadari. Wanne zai yi antibodi nau'in IgG mai ƙarfi a kan sukarin, wanne kuma zai tuna da shi idan ya sake haɗuwa da shi? Zaɓen amsa ba wuya, na biyun ne. Amma a ƙasa akwai akwatin da ya ce a yi bayani, kuma a nan ake yin ta.

Ga abin da ya hana ni sakat. Lakca ta ce ƙwayar T mai CD4 ba ta ganin sukari, guntun furotin kawai take gani a kan MHC II. Lakcar nan dai ta ce ƙwayar B ba ta sauya antibodinta daga IgM, nau'in da take fara yi, zuwa IgG yadda ya kamata, ba ta kuma barin 'ya'ya masu tuni, sai ƙwayar T ta sa mata hannu, kuma T ba ta sa wa kowa hannu sai wadda suka gane antijen ɗaya, wato baƙon abu guda da garkuwar jiki ke kai wa hari. To, ta ina suka gane abu ɗaya, alhali wannan sukari take gani, waccan furotin? Kuma idan furotin ne kawai ake buƙata don a tayar da T, ai ɓera na farko ma an ba shi furotin. Me ɗaurin ya ƙara? Malamin ya wuce wurin da hoto ɗaya mai kibiya biyu, ko numfashi bai ja ba ya shiga wani batun. Wallahi raina ya ɓaci, don wannan ba gefen darasi ba ne, shi ne ƙashin bayansa.

Maimaita bidiyon ya ci mini data ba kaɗan ba. Wanda na saya da niyyar ya kai ni ƙarshen wata bai ga tsakiyarsa ba, ga shi kuɗin takardar shaidar kwas ɗin da dala ake biya, na kuwa biya a lokacin da naira ke ƙasa, har yanzu idan na tuna sai na ji a jikina. Shawarata, ku sauke bidiyo sau ɗaya a ƙaramin inganci, ku sauke rubutaccen bayanin lakcar, shi kusan ba ya cin komai. Maimaita kallo ba ya ƙara wa hoto mai kibiya biyu kibiya ta uku.

Abin da ya yi aiki shi ne takarda da biro. Na daina bin ƙwayoyin, na koma bin antijen ɗin kansa taku bayan taku, ina zana inda yake a kowane mataki. Ƙwayar B da riseftarta, wato abin kamawa da ke samanta, ta dace da sukarin ta cafke shi. Tunda furotin ɗin a ɗaure yake da sukarin, ba ta da zaɓi, duka biyun za ta haɗiye. A ciki, cikin jakar nan mai tsami, sinadaran narkewa suka daddatsa furotin ɗin. MHC II ya iso da wani guntu mai suna CLIP toshe a bakinsa, wani furotin mai suna HLA-DM ya cire toshiyar, guntun furotin ya hau, aka fito da shi saman ƙwayar. Yanzu ku dubi abin da ke gabanmu: ƙwayar B ce da ba ta san komai ba sai sukari, amma abin da take nunawa a waje guntun furotin ne. Ƙwayar T da ta san wannan guntun, wadda ƙwayar dendiritik, mai tattaro antijen ta nuna wa T, ta riga ta tayar a cikin kaluluwa, ta zo ta gan shi ta kama. Ba ta taɓa ganin sukarin ba, ba ta ma buƙatar ganinsa. Kamar ɗan sintiri ne ya kama ɓarawo don ya gane rigarsa, ya zaro katin shaida daga aljihun rigar ya miƙa wa alƙali. Alƙali bai san riga ba, sunan da ke kan katin ya sani, kuma da shi ya ba da izini. Idan katin ba a aljihun rigar yake ba, ɗan sintiri ya tashi hannu wofi.

Ɓera na farko ke nan. Furotin na yawo daban, sukari na yawo daban. Ƙwayar B mai son sukari ta haɗiye sukari zalla, ba ta da abin ɗorawa a kan MHC II. Ƙwayoyin T sun tashi kam, amma taimakonsu ya tafi wurin ƙwayoyin B masu kama furotin ɗin, sai ɓeran ya yi antibodi mai kyau a kan furotin, sukari kuwa ya tsaya a IgM mai rauni. Ashe ba a ce su gane wuri ɗaya a jikin antijen ba. Sharaɗin shi ne wuraren biyu su kasance a jikin dunƙule ɗaya da za a haɗiye tare.

Akwai ƙorafin da ya rage mini ko bayan wannan, kuma na san wani cikinku zai yi shi: ai ƙwayar B tana ɗan kurɓar ruwan da ke kewaye da ita, me zai hana ta kurɓi furotin ɗin da ke yawo? Tana kurɓa, amma ɗan mitsitsi. Antonio Lanzavecchia ya auna wannan a 1985, da furotin ɗin allurar tetanus ma kuwa. Ya nuna ƙwayar B da riseftarta ta dace da antijen tana iya nuna shi ga ƙwayar T ko da yawansa ya yi ƙasa ninki dubbai da abin da wata ƙwayar B za ta buƙata. Risefta ba kamawa kawai take yi ba, tattarawa take yi. Da na karanta wannan sai da na tashi tsaye na zaga ɗaki. Kafin shi, Avrion Mitchison ya riga ya nuna a ɓeraye, a farkon shekarun 1970, cewa ƙwaya ɗaya ke gane ƙaramin sinadarin da aka maƙala, wata daban ke gane furotin ɗin da ke ɗauke da shi. Kafin su duka, tun 1929, Oswald Avery da Walther Goebel a birnin New York sun ɗaure sukari a jikin furotin suka ga dabba ta yi masa antibodi, a lokacin da ba wanda ya san akwai wata aba wai ita ƙwayar T. Sai a 1987 aka fara ba da lasisin allura irin wannan a Amurka, ta bakteriyar Hib, wadda ita ma ke jawo wa yara sanƙarau. Ku lissafa tazarar.

Daga nan sauran babin ya zubo da kansa. Furotin CD40L da ke saman T ya kama CD40 na B, ga sinadaran saƙo IL-21 da IL-4, sai sinadarin AID mai sauya antibodi ya kunnu, a shiga cibiyar jaminal inda ake horar da ƙwayoyin B a cikin kaluluwa, a sauya aji daga IgM zuwa IgG, a yi ta tace masu kamu mai ƙarfi, a fitar da masu tuni da masu zuba antibodi na dogon zango. Cutar nan ta yawan IgM da ake gado ta kan kuromosom X, wadda a da haddace ta kawai nake yi, yanzu ko daga barci aka tashe ni zan faɗi dalilinta: babu CD40L mai aiki, hannu bai haɗu ba, an maƙale a IgM.

Inda abin ya taɓa ni sosai shi ne da na ga ashe labarin sanƙarau nake karantawa. Mu da muke wannan yanki ba sai an gaya mana yadda ake shiga fargaba daga hunturu zuwa bazara ba. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar da ake da ita a lokacin ta sukari zalla ce, wato ɓera na farko. Kariyarta 'yan shekaru ce, ba ta barin tuni, ba ta yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyu aiki sosai, kuma ba ta hana mutum yawo da bakteriyar a maƙogwaronsa yana raba wa wasu. Shi ya sa ake jira sai annoba ta ɓarke a bi ta da allura a guje. MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, sukarin rukunin A na bakteriyar sanƙarau ne aka ɗaure a jikin furotin ɗin allurar tetanus. Ɓera na biyu. An fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta bi a ƙarshen 2011, ana yi wa masu shekara 1 zuwa 29. A Chadi an auna bayan an yi ta a wasu yankuna, aka ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Duk wannan daga ɗauri ɗaya tsakanin sukari da furotin. Da malamin ya buɗe darasin da wannan maimakon kibiyoyinsa, da babu ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi da zai manta.

Kuma ka'idar nan ce ta bayyana abin da ya biyo baya. Ƙwayar B da aka horar a kan sukarin A ba ta san sukarin C ba, siffarsu daban. Rukunin C ya bugi Nijar a 2015, ya bugi Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, inda aka ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 1,000 suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai haɗe da rukuni biyar, A da C da W da Y da X, kowane sukari a ɗaure da furotinsa. Idan gwaji ya tambaye ku me ya sa ba a haɗa sukari biyar da furotin ɗaya a kwalba a girgiza kawai ba, kun san amsa.

Wani gefe da ya haɗu da wannan, ga masu aiki a asibiti cikinku: sukari zalla yawanci ƙwayoyin B na gefen saifa ne ke amsa masa ba tare da T ba, kuma saifa ce ke tace bakteriya masu lulluɓin sukari daga jini. Yaro mai sikila saifarsa tana lalacewa tun yana ƙarami. Dalilin da ya sa irin waɗannan bakteriya suke yi musu mummunan kamu ke nan, kuma dalilin da ya sa ake dagewa a kan rigakafinsu da maganin fenisilin na kullum. Na daɗe ina ganin ana yi, yanzu na ga zaren da ya ɗinke shi.

Tsarin karatuna kuwa ya watse gaba ɗaya. A jadawali ya kamata a ce na gama kwamfiliment, babin furotin ɗin jini masu taya antibodi kashe bakteriya, na shiga rigakafi, sai ga shi na karanta rabin babin rigakafi tun ban isa can ba, na koma baya na sake MHC II daga tushe, kwamfiliment kuwa yana nan yana jirana da C3 da C5 ɗinsa. Ban damu ba ko kaɗan, babin nan ya cancanci lokacin da ya ci.

Gargaɗi ɗaya ga masu son leƙa ƙarin karatu. A 2011 ɗakin binciken Dennis Kasper a Harvard ya wallafa cewa wani lokaci guntun furotin yana hawa MHC II da ɗan sukari maƙale a jikinsa, kuma akwai ƙwayoyin T masu CD4 da ke gane sukarin kansa. Na ci karo da wannan ana cikin murna, sai da na dafe kai. Amma ku lura, ko a wannan hanyar sai an ɗaure sukarin da furotin, domin furotin ɗin ne ke riƙe shi a bakin MHC II. Amsar ɓerayen nan biyu ba ta canja ba. A gwaji ku rubuta hanyar da aka koyar, ku ajiye wannan don layi na ƙarshe idan akwai fili.

Ga wanda ya maƙale a inda na maƙale, ka ɗauki takarda ka zana ƙwayar B biyu, ɗaya mai kama sukari, ɗaya mai kama furotin, da ƙwayar T guda a tsakiya. Ka yi zanen sau ɗaya da ɗauri, sau ɗaya babu ɗauri, kuma kowane karo ka tambayi kanka abin da ke kan MHC II na kowace ƙwayar B. Biro mai launi biyu ya isa, ja na sukari, shuɗi na furotin. Ni gobe in Allah ya kai mu zan faɗa wa kwamfiliment, zan fara da hanyar lektin, ɗaya daga hanyoyin kunna shi, tunda ita ma da sukarin jikin bakteriya take farawa.