Godiya Bayan Walimar Saukar Ɗana

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi walimar saukar Alƙur'anin ɗana ranar Asabar, an tashi lafiya, baƙin nesa duk sun isa gida. Sai yau na samu zama, a yi mini afuwar jinkirin godiya.

Tun da aka sa rana na ƙudurta cewa abin da za a raba wa baƙi daga hatsinmu na gado zai fito: burodin acha, da biskit na gero da na tamba. Wata biyu na yi ina gwaji. Garin acha ba shi da danƙon nan na garin alkama, wanda ke riƙe iskar yis har kwaɓi ya kumbura. Na farkon da na gasa da acha zalla, ina sa masa wuƙa ya wargaje a hannuna, har na fara fid da rai.

Goggo, ke kika ceto wannan aiki. Kin taso tun daga Jos da acha mudu shida, ba ki huta gajiyar hanya ba kika nemi ƙwarya biyu. Har yanzu ina ganin ki a kan tabarma bayan la'asar, kina rairaya, kina juye wannan cikin waccan, yashi na kwantawa a ƙasan ƙwarya. Da na ce ya isa haka, cewa kika yi ƙwayar acha da yashi kusan girmansu ɗaya, baƙo kuwa in ya tauna tsakuwa sau ɗaya ya gama cin abincinki. Ke kika nuna mini awo: kashi ɗaya na acha, biyu na alkama, a fara jiƙa garin achar da ruwan ɗumi ya sha sosai kafin a haɗa. Ranar ce burodina ya fara tashi. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Goggo.

Biskit bai ba ni wahala ba, tunda ba ya neman kumburi. Man gyaɗa ne da gishiri da riɗi, a murza shi falan-falan, a tsattsaga da cokali mai yatsu. Ƙannena mata, ku kuka kwana murzawa, na gode.

Daren Juma'a kuma, kwaɓi ya tashi cikin roba uku, sai murhun gashina ya ƙi kamawa. Inna mai gurasa, ƙarfe goma sha ɗaya na buga miki ƙofa, kika fito ba ko tambaya kika hura tanderu. Kika mayar da kwaɓin gurasa, kina manna shi a jikin tanderu da hannunki har gab da asuba. Na miƙa kuɗin itace kika ce in ban mayar ba mun ɓata. Washegari gurasar nan ce ta fara ƙarewa. Allah Ya biya ki da gidan Aljanna.

Mai injin layinmu da ya wanke injinsa tas don kada yaji ya taɓa garin, malaman da suka yi ɗawainiya da yaron nan shekara da shekaru, da maigida, Allah Ya saka da alheri.

Masu tambayar awo, ku zo ranar Lahadi bayan azahar mu kwaɓa tare, akwai ragowar gari. Kulolin da aka bari kuma suna nan a wanke.