Godiya bayan kilomita 100 a duwatsun Alps

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, na kammala tseren CCC lafiya. An sake mu daga Courmayeur a Italiya ranar Juma'a da ƙarfe tara na safe, muka ratsa Suwizalan, na shiga Chamonix a Faransa ranar Asabar da hantsi, saura kaɗan a rufe. Wanda bai san shi ba, gudu ne na kusan kilomita 100 a gefen dutsen Mont Blanc, hawan da ke ciki in an tara ya haura mita 6,000, kuma awa 26 da rabi kawai ake ba mutum. Lambar da aka maƙala mini a ƙirji tawa ce ni kaɗai, amma ba ƙarfina ne ya kai ta ba, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Na fara da Hajiya. Da na gaya mata abin da zan yi, cewa ta yi, "Wa ya koro ka?" Duk da haka ta sa albarka, kuma ƙanwata ta ce ba ta runtsa ba daren nan, carbi a hannu, ana duba mata a waya inda na kai. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Hajiya.

Yaya, kai ka fara jana zuwa duwatsun Shere a Jos tun ina ɗan makaranta. Kullum kakan ce hawa numfashi yake ci, gangara kuwa gwiwa take ci. Na ga gaskiyarka bayan Grand Col Ferret, iyakar Italiya da Suwizalan, mai tsawon mita 2,500 da 'yan kai. Daga can sai gangara mai nisa zuwa La Fouly, cinyoyina suka fara rawa tun tafiya ba ta kai rabi ba.

Malam, na gode da bayanin ƙasaru da haɗa salla da ka yi mini. A Arnouvaz, ɗaya daga cikin zangunan hutawa na tseren, na haɗa Azahar da La'asar a bayan tanti, a kan rigar ruwata, hankalina kwance.

Uwargida kuwa, ban san da wane baki zan gode miki ba. A 'yan wurare kaɗan ake barin na gida ya taimaka wa ɗan tsere, Champex-Lac na ɗaya daga ciki. Na iso can da dare, cikina ya ƙi duk wani abu mai zaƙi, kaina na juyawa, na riga na yanke a raina cewa a nan zan miƙa lambata. Ba ki yi mini musu ba. Kin cire mini takalmi, kin sa filasta a kan bororon da ya tashi a diddigena, kin canza mini safa, sannan kika buɗe leda sai ga dambun nama da dabino. Da na ci na ɗan dawo hayyacina kika ce, "Je ka Trient kawai, in ka zo can ka ce ka fasa ba zan hana ka ba." A Trient kika ce Vallorcine. Wayon nan naki na gane shi sarai, na dai bi.

Akwai waɗanda ban san sunansu ba. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ta ga ina tsaye ina kallon teburin abinci, ta nuna mini yankakken naman da ke gefe ta girgiza kai, ta ce alade ne, ta turo mini cuku da burodi da ayaba. Sai wani Basifaniye da ya same ni a zaune kan dutse a hawan da ke bayan Trient, ƙafata ta riƙe. Ba ya jin Faransanci, ni ba na jin yarensa. Ya ba ni ƙwayar gishiri, ya jira har na miƙe, muka ci gaba da dogara sanda, fitilun goshin mutane na jere a samanmu kamar ayarin tururuwa. A La Flégère, zango na ƙarshe kafin Chamonix, muka rabu. Allah ya saka musu da alheri a inda suke.

Abokan atisayena na birnin Lyon a Faransa, da muka riƙa hawa da sauka a matakalar Fourvière cikin sanyin asuba, da wanda ya ara mini sanduna da fitila ta biyu, da maƙwabciyarmu da ta riƙe mana yara, duk na gode. Allah ya bar zumunci.

Saƙonninku da kiranku sun iso, zan amsa ɗaya bayan ɗaya, a yi mini haƙuri. Masu tambaya ko baɗi sai babban, wato UTMB mai kilomita 170, ku bari tukuna in iya saukowa daga bene ba da baya-baya ba.