Aiki da karatu a ɗaki ɗaya, wanne ke cinye wanne?

Ɗalibin jami'a da ke karatu daga gida kuma yana ɗan wani aiki ta intanet a gefe, ko rubutu yake wa mutane, ko zane, ko amsa saƙon kwastomomi, ko koyar da yara ta bidiyo, ni dai ban yarda lalaci ne babbar matsalarsa ba kamar yadda ake saurin cewa. Iyayen gida biyu gare shi a kan teburi ɗaya, ɗaya mai baki ɗaya mara baki. Mai aiki zai turo saƙo, zai kira, zai ce ina aikina, ga kuɗinka a hannunsa. Littafi kuwa ba ya kiran kowa, yana nan shiru abinsa sai jarrabawa ta rage sati biyu ya taso maka gaba ɗaya. To in ka bar abin ya tafi yadda ya ga dama, kullum aiki ne zai ci, karatu ya tashi da ragowa, ragowar nan kuwa ita ce sha ɗayan dare, ido ya yi nauyi, kana maimaita layi ɗaya ba ka san me ya ce ba.

Don haka karatu za ka fara yanka wa lokaci, kuma mai kyan, ba wanda ya rage ba. Kowa ya san sa'ar da kansa ya fi ɗauka, wani da sassafe wani da yamma, wannan sa'ar ta karatu ce, aikin kuɗi ya bi baya tunda shi ko ba ka so akwai mai tura ka. Kuma kar ka ce "gobe zan yi karatu", wannan ba shiri ba ne, fata ne. Ka ce gobe ƙarfe bakwai, a kan teburin nan, babi na huɗu, tambayoyin ƙarshen babin. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi rubutu a kan wannan a 1999, cewa wanda ya tsayar da yaushe da ina da kuma yadda zai yi abu ya fi mai niyya kawai cika abin. Shi ma aikin ka sa masa lokacin tashi. Tun 1955 C. Northcote Parkinson ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki yana faɗaɗa ne ya cike duk lokacin da aka ba shi, kuma a gida inda ba mai kulle ofis ya kore ka, aikin awa biyu sai ya ci yini.

Abin da ya fi ɓarna kuma, tsalle tsakanin biyun. Kana cikin lakca saƙon aiki ya faɗo, ka ce bari in amsa minti ɗaya ne, ka amsa ka dawo, amma rabin hankalinka na can yana jiran me za a ce. Wata masaniya, Sophie Leroy, ta nuna haka a bincikenta na 2009, in mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a na farkon, sai na biyun ya yi rauni. Maganin da na fi yarda da shi mai arha ne, ka buɗe akawun biyu a burawuzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, ɗaya na makaranta ɗaya na aiki, lokacin karatu na aikin a rufe ruf, ba imel ba komai. In dole ta sa ka tashi a tsakiyar abu, rubuta layi ɗaya a takarda, ga inda na tsaya ga abin da zan fara in na dawo.

Waya kuma fa. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokan aikinsa suka yi wa mutane kusan 800 gwajin ƙwaƙwalwa, wasu wayarsu a kife kan teburi, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban, duk an kashe musu ƙara. Waɗanda tasu ke wani ɗakin su suka fi ƙoƙari a gwajin. Wato kifewar nan da muke yi muna jin mun yi jarumta ba ta isa ba. Na san akwai wanda wayar ce littafinsa ita ce ajinsa, to shi sai ya sauke duk abin da zai karanta tukuna ya kashe data, ga riba biyu, ba mai damunsa kuma ko intanet ta yanke bai tsaya ba.

Yanzu ga inda nake so a ɗan tsaya. Tunda lokacinka kaɗan ne, yadda kake karatun ya fi yawan awannin muhimmanci, kuma yawancin ɗalibai maimaita karantawa suke, a ja layi da biro mai launi, a sake karantawa, har shafin ya zama kamar ka san shi. Sabo ne kawai ba sani ba. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a 2006 a Jami'ar Washington ta St. Louis. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, kuma su ne suka fi jin cewa ai sun riƙe. Bayan sati ɗaya sai labari ya juye, masu maimaitawa kashi 40 cikin 100 suka tuna, masu gwada kansu kashi 61. Ka ga inda tarkon yake, hanyar da ta fi daɗi a ranar ita ce ta fi zubewa. A aji lakcara kan jefo tambaya ba shiri ya fallasa ka tun da wuri, a gida ba mai yi maka wannan, dole kai ka yi wa kanka. Ka gama shafi, rufe littafin, ɗauko farar takarda ka zubo abin da ya zauna, sannan ka buɗe ka ga ramukan. Akwai ɗaci wallahi, ranar farko za ka ga takardar kusan fayau, amma gara ka gani a ɗakinka. Sai ka sake gobe, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan sati, don tun 1885 wani masani, Hermann Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi gudu a farko-farko sannan ta lafa. Manhajar Anki wannan lissafin tazarar take yi maka, a kwamfuta kyauta ce, amma katunan takarda ma sun wadatar.

Lakcar da aka naɗa a bidiyo kuwa ka kalle ta a ranarta kamar aji ne na gaske. Da ka ce ai tana nan ba inda za ta, shi ke nan, sai sun taru goma sha ka zauna kana gudu da su ninki biyu, muryar malam na tsere kai kana gyangyaɗi.

Ana yawan yabon tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, minti 25 aiki minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Yana da kyau wajen tayar da mutum ranar da jiki ya ƙi, don kowa zai iya daure minti 25. Amma ga lissafi ko dogon rubutu ni ina ganin ya yi gajere, daidai lokacin da kai ya fara zafi sai ƙararrawa ta katse ka. In abin ya kama, ka wuce kawai.

Mutanen gida su ma ba mugunta suke ba, sun gan ka zaune ne, wanda ke zaune kuwa a ganinsu ba ya komai. "Ina karatu" ba ta hana aike, amma "zan fito ƙarfe goma, duk abin da ake so zan yi" tana hanawa, in dai goman ta yi ka fito da gaske. Abin saƙalawa a kunne ma alama ce ko ba ka jin komai a ciki.

Kaɗaici kuma kar a raina shi. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya bi ma'aikatan amsa waya na kamfanin Ctrip a Chaina wata tara, na gida suka fi na ofis aiki da kashi 13 cikin 100, amma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu suka koma ofis, yawanci saboda kaɗaici. Ka samu abokin kwas ɗaya mai hankali, ba guruf na mutum hamsin ba, ku buɗe bidiyo kowa ya yi nasa shiru, a ƙarshe ku yi wa juna tambayoyi. Zoom na kyauta kan yanke a minti 40, ya ma yi muku daidai da hutu.

Da jadawalin jarrabawa ya fito, a ranar ka tura wa mai aikinka ranakun, ka ce a satittikan nan zan rage aiki, ga abin da zan gama kafin lokacin ga abin da zai jira. Yawancin masu ba da aiki za su iya shiryawa in sun ji da wata guda a gaba, abin da ke ɓata musu rai shi ne ka ɓace ana gobe za a miƙa.