Kyanwa ta riga kwamfutata

Rubuta manhaja ya daɗe da shiga jinina, amma abin da ke hana ni barci kwanan nan shi ne yadda na'ura ke koyon gani.

A 1959, masana kimiyya David Hubel da Torsten Wiesel sun sa siririyar waya a ƙwaƙwalwar kyanwa, suka gano akwai ƙwayoyin jijiya da ba sa aika saƙo sai ido ya ga layin da ya karkata wata fuska. Aikin gani ɗin nan ne ya kai su ga kyautar Nobel a 1981.

To, na horar da wata 'yar manhaja da hotuna, fankar kwamfutar sai huci take. Manhajar mataki-mataki take sarrafa hoto; da na leƙa abin da matakin farko ya koya, sai ga layuka, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu a karkace, kamar dai abin da aka gano a ƙwaƙwalwar kyanwar. Wallahi ban ce ta nemi layi ba! Kuskure take yi, ana gyara mata lambobi kaɗan-kaɗan.

Sai dai kar a zuzuta. Ƙwaƙwalwarmu mai ƙwayoyi kusan biliyan 86 wat 20 kawai take ci. Yaro bai buƙatar dubban hotunan akuya kafin ya gane ta, manhajata kuwa sai an ɗura mata su. 'Yan likitanci, ya yaron nan ke yi?