Kafin ka tafi neman Hausawan Bahia

Ɗan ƙanwata ya turo mini tsarin binciken da yake son yi a digirin digirgir, ya ce, "Kawu, ka ɗan duba mini, jibi zan tura." Jibi fa! Sashen Sifaniyanci da Fotugisanci yake nema a Amurka, aikin nasa kuwa a kan yadda Hausawa suka jagoranci tawayen bayi Musulmi na 1835 a birnin Salvador, jihar Bahia ta Birazil. Na tambaye shi ina Fotugisancin da zai yi aikin da shi. Ya ce yana Duolingo, manhajar koyon harshe ta waya mai alamar koren tsuntsu, kullum bayan Asuba, kuma ai yana jin masu sharhin wasan Real Madrid. Ban ba shi amsa a ranar ba. In aka cire ƙyalƙyalin Turancin da na'ura ta yi masa, abin da ya rubuta shi ne abin da ni ma na rubuta ina saurayi.

Faransanci na karanta a digirin farko, na ɗora Sifaniyanci a kai, sai na ɗauka Fotugisanci zai biyo baya da kansa. A takarda kusan haka ne, wanda ya iya Sifaniyanci zai ɗauki jaridar Birazil ya gane yawancinta. Ganin kitse nake wa rogo. Irin wannan sashe na shiga a Amurka, kuma ba a banza yake ciyar da kai ba. Kana koyar da 'yan aji ɗaya Sifaniyanci, a yafe maka kuɗin makaranta, a ba ka ɗan abin da zai riƙe ka. Lokacina ya tafi a shirya darasi, da duba takardun ɗalibai, da karatun babbar jarrabawar da littattafanta suka taso tun daga Cervantes har marubutan Kudancin Amurka na ƙarni na 20. Wannan ne uzurina, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai ajin Fotugisanci da aka ware wa masu jin Sifaniyanci, a bene ɗaya da ofishinmu. Raina shi na yi.

Da na sauka Salvador aka fara yi mini magana, sai na ji kamar ban taɓa buɗe littafi ba. Ina mayar da amsa da Sifaniyancin da na shaƙe a hanci, mutane suna gyaɗa kai don kunya. A ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar abin ya fi muni. Bayanan tuhumar da aka yi wa waɗanda aka kama, rubutun hannun akawunan kotu ne na wancan zamani, an guntule kalmomi, ƙa'idar rubutun tsohuwa, tawada ta cinye takarda a wasu wuraren. Sai in wuni a kan shafi guda.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar wautar ita ce na shiga ma'ajiyar da amsata a aljihu. Na riga na yanke cewa jihadin Shehu Usmanu na 1804 ne ya haye teku, kuma Hausawa ne a gaba. Ba haka kawai na ƙirƙiro ba. Yaƙe-yaƙen jihadin sun sa an sayar da kamammu zuwa kudu, jirage suka kwashe su daga Ikko da Wida, da ke Jamhuriyar Benin ta yanzu, zuwa Bahia. Shirin tawayen da aka tona a 1807 na Hausawa ne, haka tashin 1809, haka harin da aka kai wuraren kamun kifi na Itapuã a 1814. Nina Rodrigues, likitan da ya rubuta kalmomin Hausa daga bakin tsofaffin da suka rage a Bahia, shi ma da jihadi ya danganta lamarin. To amma 1835 daban ce. A lokacin rushewar daular Oyo ta cika birnin da Yarabawa, waɗanda ake kira Nago a can. Mutanen da suka fito cikin fararen riguna a daren 24 wayewar 25 ga Janairu, a ƙarshen Ramadan, kimanin 600 ne, kuma mafi yawan waɗanda aka gurfanar Nago ne. Hausawa tsiraru ne. Akwai Dandara, 'yantaccen bawa mai sayar da taba wanda yake koyar da karatu. Akwai kuma Albino, bawa Bahaushe, shi hukuma ta sa ya fassara mata takardun Larabcin da aka ƙwato. Wannan ta tsaya mini a wuya.

Za ku ce ban karanta João José Reis ba ne, masanin tarihin Birazil wanda littafinsa a kan tawayen ya fito tun 1986? Na karanta, da Turanci. Sai na ce a raina me mutumin Birazil ya sani game da Sakkwato. Malamar da ke duba aikina ta ja ni gefe ta ce hujjata ba ta kai da'awata ba, na ɗauki maganar raini ce ga baƙar fata, na daina kai mata babi. Har yanzu ina ganin ta iya faɗa da taushi fiye da haka. Gaskiya dai ta faɗa. Shekarun tallafina suka ƙare ina kokawa da takardun da suka ƙi faɗin abin da nake so, na koma cin bashi. Daga ƙarshe layun da aka ƙwace a jikin mutanen ne suka cece ni, don da na kalle su sai ga ayoyin Alƙur'ani da irin rubutun da na sani tun makarantar allo. A kansu na gama kundin. Wani lokaci nakan ce ba don taurin kan nan ba da ban daɗe a wurin har na lura da su ba. Matata takan ce daɗin baki nake wa kaina.

Na yi niyyar jero muku, ku masu son bin wannan hanya, shawarwari masu yawa, da na zauna sai na ga ba su da yawa. Harshe tukuna. Ku zauna jarrabawar Fotugisanci ta Birazil mai suna Celpe-Bras, ko DELE in Sifaniyanci ne, ku ci babban mataki kafin ku rubuta wa kowace jami'a. Kore-koren tsuntsun da ke cikin wayarku ba shaida ba ne. Kuma ba harshe ɗaya ake nema ba, biyun, kowanne da kansa. Yaran yanzu sai su ce na'ura za ta fassara. To ta fassara, ranar kare kundi ita za a tambaya?

Ku koyi karanta tsohon rubutun hannu kafin ku sayi tikiti. Ko ma'ajiyar Torre do Tombo ta Lisbon za ku, ko ma'ajiyar takardun mulkin mallaka ta Seville, ba wanda zai zauna ya karanta muku.

Kada ku zaɓi batu don a yabi ƙabilarku. In abin da kuke nema ke nan, ku rubuta a Facebook, ya fi araha, kuma za a fi tafa muku. Amma kuma kada ku jefar da abin da kuka taso da shi don ku yi kama da sauran 'yan aji. Na san na saɓa wa kaina. Musulmin Sifaniya da aka kora tsakanin 1609 da 1614 sun bar littattafai na Sifaniyanci da haruffan Larabci, wato ajaminsu. Ɗalibin da ya san allo, ya san ajami, ya kuma ƙware a Sifaniyanci, ya riga sauran nisa a wannan fage. Sai dai yawancinku allon ma kun bar shi a Sabbi.

Babu cikakken tallafi a rubuce, kada ku tafi. Birazil tana da shirin tallafin karatu na PEC-PG don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, ku bincika shi. Ku kuma tambayi kanku wa zai ɗauke ku aiki bayan an gama. A Amurka guraben koyar da harsuna raguwa suke yi, har Jami'ar West Virginia ta rufe sashen harsunanta a 2023. A Najeriya akwai Fotugisanci a jami'ar Ile-Ife, amma wurare irinta kaɗan ne. Ni da na dawo, Faransancin da na baro a digirin farko shi nake koyarwa, da shi nake biyan kuɗin makarantar 'ya'yana.