Kwabon Da Muka Tono A Connecticut

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da ganyayen itatuwa suka gama rinewa suna zuba, mai masaukina a New York ya ce in shirya mu je jihar Connecticut wurin wani dattijo abokin aikinsa na dā, wanda tun da ya yi ritaya ba shi da abin sha'awa sai yawo da na'urar gano ƙarfe a tsofaffin gonaki. Mun hau jirgin ƙasa a tashar Grand Central da sassafe, muka yi kimanin awa biyu kafin mu sauka New Haven, inda dattijon ya ɗauke mu a mota muka nufi arewa.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne katangun duwatsu da suka ratsa cikin daji ba tare da gida ko ɗaya a kusa ba. Dattijon ya ce duk gonaki ne a dā, manoma suka bar su, daji ya cinye. Bai sauke kayansa ba sai da muka je muka gaisa da mai filin, domin a can ba a tona ƙasar mutum sai da izininsa.

Har azahar ba mu samu komai ba sai ƙusoshi da wani tsohon maɓallin riga, ga sanyi yana shiga ƙashi. Ina shirin cewa mu haƙura ne na'urar ta yi wata ƙara mai kaifi a gefen ramin da ya rage na wani rusasshen gida. Da ya haƙa kamar tsawon taƙi ɗaya, sai ga wani faifan jan ƙarfe da ya koma kore, faɗinsa bai kai santimita uku ba. Na miƙa hannu zan murje shi da babban yatsa, dattijon ya riƙe ni da sauri. Ya ce kwabon da ya shekara sama da ɗari biyu a ƙasa, sau da yawa wannan koren ne kaɗai ke riƙe da zanensa, in aka goge ko aka wanke, rubutun ya tafi ke nan.

A teburin girkinsa muka zauna da tsinken sakace da gilashin ƙara girma, yana haska tocila daga gefe domin inuwa ta fito da abin da ido ba ya gani kai tsaye. Kan mutum ya bayyana yana duban dama, da rawanin ganye, a baya kuma mace zaune riƙe da reshe. Nan take na ce ai sarkin Ingila ne, shi ma da farko ya zaci rabin kwabon Sarki George na Uku ne, irin wanda aka buga daga 1770 zuwa 1775, ko kuwa jabunsa, tunda jabun ya cika kasuwannin Amurka a wancan zamani. Sai dai haruffan ba su yarda ba. Inda ya kamata a ga GEORGIVS, sai muka karanto AUCTORI, can gaba CONNEC, wato da ikon Connecticut a Latin. A baya akwai INDE ET LIB, cin gashin kai da 'yanci, a ƙarƙashin macen kuma 1785.

A shekarar ce majalisar jihar ta ba wani kamfani a New Haven izinin buga kuɗin jan ƙarfe, aka yi ta bugawa har 1788, kafin gwamnatin tarayya ta kafa gidan buga kuɗinta a Philadelphia a 1792. Masu tara tsofaffin kuɗi suna lissafa shi cikin kuɗin zamanin mulkin mallaka, alhali an buga shi shekara biyu bayan yarjejeniyar Paris da ta kawo ƙarshen yaƙi da Birtaniya. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne mutanen da suka gama yaƙar sarki su zana kai mai kama da nasa. Amma da na yi tunani na ga ba su da wauta, domin mai shago abin da idonsa ya saba da shi yake karɓa, kuma mutane da yawa ba sa tsayawa karanta rubutun Latin. Na tuna kwabo mai huji na zamanin Turawa da kakata take ajiyewa a cikin kwalla, na kuma gaya wa dattijon cewa kalmarmu ta kwabo ma daga sunan jan ƙarfe a Turanci aka samo ta. Ya sa na maimaita masa har sau uku.

Aikin bai ƙare nan ba, domin kwabon Connecticut ya haura iri ɗari uku, gwargwadon hatiman da aka yi amfani da su, kuma da lambobin da wani masanin tsofaffin kuɗi, Henry Miller, ya tsara ake rarrabe su. Dattijon ya daɗe yana gwada siffar hanci da leɓe da hotunan kundinsa, yana fatan ya dace da wani iri na 1785 da masu tarawa suka laƙaba wa sunan da ke nufin kan Ba'afirke. Mai masaukina ya dube ni yana dariya ya ce, "Malam, ashe ɗan'uwanmu ka zo tonowa." Ƙasa ta riga ta ci fuskar sosai, don haka dattijon ya ƙi yanke hukunci, ya rubuta shekara da jiha kawai a jikin ƙaramar ambulan ta takarda.

Da yamma muka biya muka nuna wa mai filin, ya juya shi a tafin hannu ya ce mu riƙe. Dattijon ya ce zai kai shi taron ƙungiyarsu a duba, mu kuma ya sauke mu a tasha muka kama jirgin dare zuwa New York.