Ɗaukar jita da murya a ɗaki: gyaran da ya fi yi mini amfani

Ɗakin bulo mai tayil a ƙasa shi makirfo ke fara ji, kafin jita, kafin murya. Shi ya sa duk ɗakin da zan yi aiki a ciki, nakan tsaya in tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In wata ƙara mai karkarwa ta biyo bayan tafin, to sauti na kai-komo ne tsakanin bango biyu masu kallon juna, kuma wannan amsa-kuwwar za ta bi kowace kalma ta waƙar. Manhaja ba ta cire ta daga baya sai ta ci wani abu daga muryar.

Maganin da na fi ganin tasirinsa katifar soso ce mai kauri, a jingine ta a bayan mai rerawa. Mutane da yawa sukan sa ta a bayan makirfo, alhali yawancin makirfon da muke saye gabansu suke ji, ba sa jin bayansu sosai. Abin da ke shiga cikinsu shi ne sautin da ya daki bangon da ke bayan mawaƙi ya dawo ta kan kafaɗarsa. Nan ne wurin toshewa. Sai bargo mai nauyi a gefe, a rataye shi a igiya da tazarar kamar santimita 10 daga bango, don ya fi shan sauti fiye da in an manna shi. Sai kafet a ƙarƙashin kujera. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango wahala ce kawai, ba shi da kaurin da zai sha sauti mai nauyi. Kada a zauna a kusurwa, can ƙugin sauti ke taruwa, kada kuma a zauna tsakiyar ɗaki cif. Nakan ajiye kujera wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin.

Fanka da firij dole a kashe su. In zafi ya yi yawa, a yi aikin minti goma-goma, a kunna fanka a sha iska, a sake kashewa. Janareta kuwa ba katifar da ke tare gurnaninsa, sai dai a jira dare ya tsala. Kafin in fara nakan ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa goma, in ƙara masa ƙarfi in saurara da hedifon. In akwai wani “zuuu” marar yankewa, galibi na wutar lantarki ne, wadda a nan take kan 50 Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri). Cire cajar laftof a yi aiki da batir yakan kashe shi nan take. In bai mutu ba, a raba wayar makirfo da wayoyin wuta, inda dole su haɗu kuma su gicciye juna, kada su tafi a jere.

Ita kanta jitar, tsofaffin tsirkiyoyi ba sa ba da haske, kuma ikwalaiza, mai ƙara ko rage kauri da hasken sauti, ba za ta ƙirƙiro abin da babu ba. Nakan sa sababbi kwana ɗaya kafin ɗauka don su miƙe su daina saki. Da hunturu katakon jita yakan bushe ya tsuke, tsirkiya ta sauko tana gogar ƙarafunan wuya tana zizza, kuma makirfo na jin wannan fiye da kunne. Katakon ya fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Soso mai ɗan damshi a cikin robar sabulu mai huji, a ajiye a jakar jitar, yana taimakawa ƙwarai.

Wurin kafa makirfo ne ya fi komai sauya sautin, kuma kyauta ne. Kowa hannunsa yakan kai makirfo bakin ramin jita, don nan ƙarar ta fi yawa. Amma iskar da ke cikin akwatin tana amo ne wajen 100 Hz, saboda haka abin da za a samu ƙugi ne mai danne murya. Ni nakan auna wajen gaɓa ta 12 zuwa ta 14 a jerin ƙarafunan wuya, inda wuya ya haɗu da jiki, da nisan santimita 20 zuwa 30. Daga nan sai in sa hedifon, mai kiɗa yana kaɗawa, ina juya kan makirfon kaɗan-kaɗan. In ya karkata wajen rami sai kauri ya ƙaru, in ya koma wajen yatsu sai haske ya ƙaru tare da ƙarar zamewar yatsa. Juyin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba ana jin bambancinsa. Da na sami wurin, sai in liƙa salatif a ƙasa inda ƙafafun kujera da na sandar makirfo suke, don mai kiɗa in ya tashi ya dawo ba ya zama daidai inda ya bari.

Murya kuma taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo ya isa. In an matso fiye da haka, makirfo mai jin gaba yakan kumbura ƙasan murya. Harafin “f” da “b” suna turo iska, “ts” da “sh” kuma suna tsini a kunne. Safar nailan da aka shimfiɗa a zoben waya tana tare iskar, sannan nakan ɗaga makirfon daidai hanci ya kalli baki daga sama, iskar ta wuce ta ƙarƙashinsa. Mai amfani da makirfo nau'in kondensa irin AT2020 ya tuna ta gefe yake ji, ɓangaren da tambarin kamfanin yake, ba ta ƙoƙon kansa ba, kuma sai an kunna masa wutar 48V daga na'urar da ake jona shi, bayan an jona waya. A ɗakin da ba a gyara ba, ni na fi yarda da makirfon SM58, don ana rerawa daf da shi, muryar ta rinjayi ɗakin.

In mawaƙin zai iya, ɗaukar jita daban, murya daban, ya fi sauƙin haɗawa. Sai dai akwai wanda muryarsa ba ta buɗewa sai jita na hannunsa, irin wannan ban taɓa matsa masa ba. Da makirfo biyu, sautin jita yakan isa makirfon murya a ɗan makare, in an haɗa su sai ya yi siriri. Nakan matso da kowanne kusa da abin da yake ɗauka, tazarar da ke tsakaninsu ta kai ninki uku na wannan nisan, na murya ya kalli sama, na jita ya kalli ƙasa. Makirfo ɗaya ma yana yi: a kafa shi da nisan santimita 40 zuwa 50, tsakanin baki da jita, a ɗaga shi in ana son ƙarin murya.

A manhajar ɗaukar sauti ta Audacity ko Reaper nakan ɗauka a kan saitin 24-bit da 48 kHz, in daidaita ƙarfin shiga yadda wurin da ya fi ƙara a waƙar ba zai wuce -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ba. Sautin da ya taɓa jan da ke ƙarshen ma'aunin ya fashe ke nan. Wajen haɗawa ba na yin yawa: in yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a duka biyun, in rage 2 ko 3 dB tsakanin 200 da 300 Hz a jita in tana cushe murya, in sa wa murya kwamfuresa, mai sassauta wuraren da suka yi ƙarfi da yawa, a kan 3:1 tana danne 3 zuwa 4 dB kacal. Daga nan sai in tura waƙar a waya in kunna ta a lasifikarta, tunda nan yawancin masu sauraro za su ji ta. In kalma ta ɓace a wayar, nakan rage jita da 1 dB in sake ji, maimakon in ƙara murya.